Waiwaye: Yadda Ake Auna Sabon Ma'aikacin Jinya Kafin A Bar Masa Gardin Dare

A yawancin ƙananan cibiyoyin lafiya da ake kira CSI na karkarar jihar Maradi babu babban likita. Wanda ke karɓar yaro mai jijjiga da tsakar dare ma'aikacin jinya ne, sau da yawa bai daɗe da fitowa daga makaranta ba, kuma kafin mota ta iso daga Dakoro, Mayahi ko Tasawa magana ta riga ta ƙare, ko da alheri ko akasin haka. Shi ya sa kowane majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na cibiya, yake yi wa kansa tambaya idan aka turo masa sabon hannu: in na kwanta, wannan zai iya?

Tsohuwar hanyar ba da amsa ita ce wadda makarantun kiwon lafiya suka saba da ita, daga ENSP ta Yamai da ta Damagaram har zuwa masu zaman kansu: jarrabawar rubutu, gwaji a bakin gadon marar lafiya, da littafin koyon aiki da shugaban ɗaki ke sa wa hannu. Rauninta a fili yake. Ɗalibi ɗaya ya faɗa kan mai ƙaramin gyambo, abokinsa ya faɗa kan mai wahala, makin ya zama na sa'a. Sa hannun kuma galibi shaidar halarta ce kawai. Ga shi ba mai barin ɗalibi ya gwada hannunsa a kan yaron da ke gargara, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne ba a taɓa aunawa.

A 1975 Ronald Harden na jami'ar Dundee a Sukotlan ya fito da jarrabawar tasha-tasha, wadda masu faransanci ke kira ECOS: kowane ɗalibi ya bi ta matsaloli iri ɗaya, cikin mintoci ƙayyadaddu, mai lura yana riƙe da takardar abubuwan da dole a yi. A 1990 George Miller ya raba ƙwarewa hawa huɗu, wato sani, sanin yadda ake yi, nunawa a gaban malami, da aikatawa a bakin aiki. Jarrabawar rubutu ba ta wuce hawa biyu na ƙasa. Akwai kuma takardun tambaya da sabon ma'aikaci ke cikewa da kansa, ya ce ya shirya ko bai shirya ba. Suna da araha, masu bincike na son su, amma ƙarfin zuciya suke aunawa. Mai ƙarancin sani sau da yawa shi ya fi yabon kansa.

Ga Maradi, shekarar 2005 ce ta sauya lissafi. Yunwar wannan shekara ta cika cibiyoyin tamowa da yara, aka koyi cewa tantancewa a bakin ƙofa ita ke raba rayuwa da mutuwa. A shekarar ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tantance yara masu buƙatar gaggawa da ake kira TETU a nan, wanda aka gina kan aikin da aka yi a Malawi: a duba hanyar iska da numfashi, bugun jini, suma, jijjiga da bushewar jiki kafin a tambayi kati. Da aka soma kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, layi ya ƙara tsawo. Sai a 2011 ilimin kansa ya motsa: artesunate ta karɓe wurin kinin a masassara mai tsanani, kuma binciken FEAST a gabashin Afirka ya nuna ɗura wa yaro mai zazzaɓi ruwa da sauri na ƙara mace-mace. Wanda ya koyi aiki daga tsohon littafi zai iya yin kuskure da cikakkiyar natsuwa.

Gwajin da ya dace da jihar nan sai ya fito daga cututtukanta. Tashar farko: yaro mai kilo 12, zazzaɓi da jijjiga. Ana so a ga ɗalibi ya kwantar da shi ta gefe, ya ba da diazepam ta dubura, miligiram 0.5 kowane kilo, wato 6, wanda ya kama mililita 1.2 daga kwalbar miligiram 10 cikin mililita 2. Ya auna sukari, in ya yi ƙasa ya ba da gulukos na kashi 10, mililita 5 kowane kilo. In na kashi 50 kawai ke cikin kabad, ya sirka awo ɗaya da awo huɗu na ruwan allura. Sannan artesunate, inda aka fi tuntuɓe. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi kowane kilo, 2.4 na mai kilo 20 zuwa sama ne. Kwalbar miligiram 60 ana fara narkar da ita da mililita 1 na bikarbonat har ta washe, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri in ta jijiya ce, yaron ya samu mililita 3.6. In ta tsoka ce mililita 2 ake ƙarawa, adadin ya koma 1.8. Mai rikita waɗannan biyun ya ninka magani ko ya rage rabi.

Tasha ta biyu tarko ce. Kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ta tuna wa kowa ƙa'idar bushewar jiki mai tsanani: ruwan Ringa ta jijiya, mililita 100 kowane kilo, ga wanda ya wuce shekara ɗaya 30 cikin rabin awa, 70 cikin awa biyu da rabi. Amma in yaron na da tamowa mai tsanani, wannan adadin zai gajiyar da zuciyarsa. Shi sai in ya shiga halin suma da sanyin hannu da raunin bugun jini ake sa masa ruwa ta jijiya, mililita 15 kowane kilo cikin awa guda, ana ƙirga numfashi da bugu kowane minti 5 zuwa 10. Mai kilo 8 za a ɗura masa mililita 120, ɗigo 40 a minti da igiya mai ɗigo 20 kowane mililita. Mai jarrabawa ba ya faɗin akwai tamowa. Yana jira ya ga ko ɗalibi zai auna damtse, ya lura bai kai milimita 115 ba, ko ya danna ƙafa ya nemi kumburi.

Ta uku jariri ne da bai yi kuka ba: a tsane shi, a soma hura masa iska da balan cikin mintin farko, kusan sau 40 a minti. A kan 'yar tsanar koyo ake ganin kuskuren, murfi na yoyon iska ko an lanƙwasa wuya da yawa, ƙirji ba ya tashi.

Wajen ba da maki, tara jimla kawai yaudara ce. Kuskure mai kisa ya kamata ya kayar da tashar baki ɗaya ko da sauran layukan sun cika, kuma masu lura biyu sun fi ɗaya, musamman inda kowa ya san ɗan wane ne ɗalibin. Hannu kuma yana mantuwa cikin 'yan watanni in ba a maimaita ba, saboda haka gwajin ranar fita makaranta bai wadatar ba. Lokacin da ya fi dacewa a sake shi a nan Yuni ne ko Yuli, kafin masassara da tamowa su haɗu daga Agusta zuwa Oktoba.

Saura hawan ƙarshe na Miller, wanda 'yar tsana ba ta aunawa: wuta ta ɗauke, na'urar iska ta tsaya, uwa na kuka, kaka na cewa a koma gida. Wannan sai a gardin haɗin gwiwa na makonnin farko, majo na gefe da takardarsa, yana rubuta minti nawa aka yi daga shigowar yaro zuwa allurar farko, da lokacin da sabon ma'aikacin ya ɗaga waya ya nemi mota.