Me ake nufi da jariri mai ƙarancin nauyi?

A asibiti, da an yanke cibiya sai a ɗora jariri kan sikeli. In bai kai giram 2,500 ba, wato kilo biyu da rabi, sai a rubuta a katinsa cewa ya zo da ƙarancin nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta sa wannan iyaka, kuma kusan jariri ɗaya cikin bakwai a duniya haka yake zuwa.

Mu a gida, da mun ga ɗan mitsitsin jariri sai mu ce bakwaini ne. Ba kullum ba. Bakwaini shi ne wanda ya fito kafin ciki ya cika mako 37. Akwai kuma wanda ya cika wata tara cif, amma bai samu abin gina jiki ba tun yana ciki: ko zazzaɓin cizon sauro ya kama uwar, ko ƙarancin jini, ko hawan jini, ko kuwa tagwaye ne suka raba kwano ɗaya.

Wajen lissafin girma bambancin ke fitowa. Bakwaini yana bin ciki bashin kwanaki, kuma likitoci suna cire masa su. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya cika wata takwas, matsayin ɗan wata shida ake duba shi. Saboda haka in ɗan maƙwabciya da aka yi sunansu mako ɗaya ya soma rarrafe, naki kuwa zama yake koyo, kada surutun 'yan barka ya hana ki barci. Ana yin wannan ragi har shekara biyu, kuma a wannan tsakanin yawancinsu ke kamo tsararsu. Waɗanda aka haifa ƙasa da giram 1,500 su ne aka fi sa wa ido kan gani, ji da magana.

Babban abokin gabar jarirai masu ƙarancin nauyi sanyi ne, don ba su da kitsen riƙe ɗumi. A 1978, da kwalaben saka jarirai suka yi kaɗan a wani asibitin Bogota da ke Kolombiya, sai likitoci suka koma ɗaure jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da 'yar hula a ka. Shi ne ake kira renon kangaru, daga sunan dabbar da ke ɗaukar ɗanta a wata jaka da ke jikin cikinta. Mu da muka tashi cikin goyo, juyo shi gaba kawai za mu yi, a cire rigar da ke tsakani. In kuma bai iya tsotso ba tukuna, a tatsi nonon a ƙaramin kofi mai tsabta a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.