Samamen Ƙwaya Bisa Kuskure da Alhakin Jami'an Tsaro a Kaduna

Samame bisa kuskure shi ne jami'an tsaro su faɗa gidan mutane da sunan neman miyagun ƙwayoyi ko dilansu, daga baya ta bayyana cewa ba gidan ba ne, ko kuma labarin da aka kai musu ba shi da tushe. A Jihar Kaduna, kamar sauran Nijeriya, hukumomi biyu ne suka fi kai irin wannan samame: rundunar 'yan sanda da Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989. Mutanen unguwa sukan haɗa su duka su ce "hukuma ta zo", amma a wajen neman haƙƙi bambancin yana da nauyi, domin kowacce da dokarta da inda ake kai ƙararta.

Yadda kuskuren ke faruwa

Farautar dilolin ƙwaya ta ƙara zafi tun daga 2018, shekarar da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta masu amfani da ƙwaya a ƙasar da miliyan 14.3. Iyaye da masu unguwa da kansu ke kukan a kawo musu ɗauki, don haka jami'ai na aiki ne cikin matsin nuna sakamako.

Yawancin samame daga bakin ɗan tsegumi yake farowa. Wani an biya shi, wani an kama shi ne yana neman ya kuɓuta da nuna gidan wani, wani kuma gaba ce kawai ta gado ko ta fili ko ta neman aure. Tsarin gidajen ma yana taimaka wa kuskure. A unguwanni masu cunkoso irin Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi, ba kowane gida ke da lamba ba, kwatance ake yi da masallaci ko tiransifoma ko kalar ƙofa. Gidan haya ɗaya yana iya ɗaukar magidanta goma da zaure guda, ga shi wanda ake nema ya tashi tun bara. Da asuba, cikin duhu, ƙofa da ƙofa duk ɗaya ce.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da na gidansa. A ƙa'ida ɗan sanda ba ya shiga bincike sai da takardar izini daga alƙali ko majistare, wadda ake bayarwa bayan an yi rantsuwa kan dalilin zargi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta tsara yadda binciken zai gudana: a yi shi gaban shaidu, a rubuta duk abin da aka ɗauka, kuma ba a kama wani a madadin wani. Wannan na ƙarshe Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanata shi, amma har yau ana jin an tafi da ƙane ko uba "har sai mai laifin ya kawo kansa".

Akwai wani tanadi da ya samo asali tun daga tsohuwar dokar shari'ar laifuffuka ta Arewa, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba: idan ɗakin da za a bincika na macen da ba ta fita bainar jama'a ne bisa addini ko al'ada, wajibi ne jami'i ya sanar da ita, ya ba ta damar kimtsawa ta fice kafin ya shiga. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Magidanci yakan manta da ƙofar da aka ɓalla, amma da wuya ya manta cewa ƙarti sun faɗa ɗakin iyalinsa ba sallama.

Inda gizo ke saƙa shi ne Dokar NDLEA. Sashe na 41 ya ba jami'in da ke aiwatar da ita damar shiga gini ya yi bincike ba tare da takardar kotu ba, muddin yana da dalilin gaskata cewa wurin na da alaƙa da laifin ƙwaya. Ke nan babu alƙalin da ya auna labarin ɗan tsegumi kafin a tashi mota. Ga kuma Dokar Shaida ta 2011, wadda ta bar wa kotu damar karɓar shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba idan amfaninta ya rinjayi illarta. A Amurka irin wannan shaida sau da yawa watsi ake yi da ita, abin da ke sa jami'i ya yi taka-tsantsan tun farko.

Hanyoyin neman haƙƙi

A cikin rundunar akwai Sashen Karɓar Koke, wanda aka buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Ƙananan jami'ai ana yi musu shari'ar cikin gida, manya kuma maganarsu tana ƙarewa a Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, mai ikon rage girma da kora. Ƙa'idojin aikin ɗan sanda sun faɗa ƙarara cewa kowane jami'i shi ke ɗaukar alhakin wuce gona da irin da ya yi. Sai dai wannan hanya ladabtarwa ce kawai, ba ta gyara ƙofa. Ita kuwa NDLEA ba ta ƙarƙashin wannan hukuma, nata tsarin ladabtarwar daban ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ta samu ikon yanke diyya bayan gyaran dokarta na 2010.

Hanya mafi ƙarfi ita ce babbar kotu, ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda suka ce daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara. Sashe na 35(6) ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da kuma neman gafara a fili. Wanda ya kai tsegumin ƙarya da gangan shi ma ana iya haɗawa da shi.

Inda maganar ke tsayawa

Matsala ta farko ita ce shaida. Jami'ai sukan zo cikin kayan gida, wasu da fuska a rufe, ba suna ba lamba, mai gida bai ma san daga wane ofishi suka fito ba. Ta biyu ta fi ciwo: a ci shari'a a rasa kuɗin. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, wato sai gwamnati ta amince a cire mata kuɗi daga aljihu. Lauyoyi sun daɗe suna sukar wannan sashe, kuma da gaskiyarsu. Kwamitocin binciken da jihohi suka kafa bayan rusa SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi da makami, a Oktoban 2020 sun ji irin wannan kuka daga mutanen da ke riƙe da takardar hukunci shekara da shekaru.

Don kwatance, bayan 'yan sandan Louisville a Amurka sun harbe Breonna Taylor a gidanta a Maris 2020, a samamen da ba a samu ƙwaya ba, birnin ya biya iyalanta dala miliyan 12 cikin wata shida, ya kuma hana fasa gida ba ƙwanƙwasawa. Can ma sai da aka yi zanga-zanga, amma kuɗin ya fito.

A Kaduna yawancin irin wannan magana ba ta kaiwa kotu. Mai unguwa ko wani dattijo ne ke raka mai gida caji ofis, a ba shi haƙuri, a mayar da wayoyin da aka kwashe idan an dace, shi kuma ya ce ya bar wa Allah. Ba a rubuta komai, don haka kuskuren ba ya shiga fayil ɗin kowa, ɗan tsegumin da ya nuna gidan kuma yana nan ana amfani da shi. Hukumar ba ta komawa layin ta shaida wa maƙwabta cewa kuskure aka yi, su kuwa sun ga motar da ta tsaya a ƙofar, kuma masu binciken aure su suke fara tambaya.