Kuɗin Karatun Jami'a a Arewacin Kamaru

Kuɗin karatun jami'a a arewacin Kamaru ya ƙunshi abin da ɗalibi ke kashewa tun daga rajista har zuwa karɓar digiri, da kuma hanyoyin da kuɗin ke bi ya iso hannunsa. Yankin da ake nufi shi ne jihohi uku na Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, inda ake da jami'o'in gwamnati a Ngaundere, Marwa da Garwa. Tun daga 1993 nauyin karatun ya sauka daga wuyan gwamnati ya hau na iyaye da dangi. Kuɗin rajista shi aka fi ambata, amma ɗaki da abinci da sufuri su ne ke cinye mafi yawan abin da ake aiko wa ɗalibi.

Ana lissafin da kuɗin sefa. A bakin Hausawan kasuwa dala ɗaya faran 5 ce, jaka ɗaya kuma faran 1,000, saboda haka faran 50,000 su ne jaka hamsin.

Tarihi

An kafa jami'ar farko ta ƙasar a Yawunde a 1962, kuma kusan shekara 30 ita kaɗai ce cikakkiyar jami'a. A wancan zamani ƙasar na neman waɗanda za su gaji kujerun da Turawan mulkin mallaka suka bari, don haka gwamnati ce ke zawarcin ɗalibi. Abin da ake biya na rajista bai taka kara ya karya ba, ana ba da ɗaki da abinci a farashi mai rahusa, sannan akwai alawus na wata-wata da akasarin ɗalibai ke karɓa. Yaron da ya ci jarrabawar bakaloreya, wato ta kammala sakandare, a Garwa ko Marwa yakan bi mota zuwa Ngaundere, daga nan ya hau jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso garin a 1974, ya kwana a hanya ya wayi gari a Yawunde. Wasu sukan sauka wurin dangi a unguwar Birikitari, inda Hausawa suka daɗe da zama. Ba abin mamaki ba ne a lokacin ɗalibi ya tsakuri wani abu daga alawus ɗinsa ya aika gida da salla.

A 1977 aka yi dokar buɗe cibiyoyin jami'a huɗu a Buya, Duwala, Dschang da Ngaundere. Ta Ngaundere, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, ta karkata ga kimiyyar sarrafa abinci da amfanin gona, kuma ɗalibanta kaɗan ne.

Tsarin ya fara tangal-tangal daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da farashin man fetur, koko, gahawa da auduga ya faɗi a kasuwannin duniya, gwamnati kuma ta shiga shirin tsuke bakin aljihu da Asusun Lamuni na Duniya. Yawan ɗaliban Yawunde ya ninka abin da aka gina jami'ar dominsa sau da yawa. Wajen 1991, alawus da sauran hidimar ɗalibai sun kai fiye da kashi 40 cikin 100 na kasafin jami'ar, abin da ya rage wa ɗakunan gwaje-gwaje da bincike kuwa ɗan ƙalilan ne.

A watan Janairu na 1993 aka yi garambawul. An kafa jami'o'in gwamnati shida, ciki har da ta Ngaundere, aka soke alawus, aka sa kuɗin rajista na faran 50,000 a shekara. Abin ya zo a mummunan lokaci: a cikin shekarar aka zabtare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Uban da jiya ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga jami'a, sai ga shi yau shi ake jira ya aika, da albashin da ya ragu da kuma kayan masarufi da suka yi tsada. Ga mutanen arewa dai garambawul ɗin ya zo da sauƙi ɗaya, wato kusanto da jami'a gida. An ƙara da Jami'ar Marwa a 2008, wadda ta fara da babbar makarantar horar da malamai, sai Jami'ar Garwa a Janairun 2022.

Faran 50,000 ɗin nan ba su canza ba a tsangayoyin karatu na gama-gari fiye da shekara 30. Duk da haka ba ƙaramin kuɗi ba ne: mafi ƙarancin albashi na wata da aka tsayar a 2014 faran 36,270 ne, kuma ya zauna haka har zuwa 2023.

Inda kuɗin ke tafiya

Ana iya biyan kuɗin rajista kashi biyu. Bayansa akwai kuɗin cike takardun neman shiga da na duba lafiya, kuma kwasa-kwasan sana'a da ake kira na ƙwararru sun fi tsada nesa ba kusa ba. Manyan makarantun da ake shiga ta gasar jarrabawa suna da nasu kuɗin gasar, ga na hatimi da tabbatar da kwafin takardu, wanda ɗalibi zai biya ko ya ci ko ya faɗi.

Ɗaki shi ne babbar matsala. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗaukar sai kaɗan daga cikin ɗalibai, sauran kuma sukan kama haya a gidajen da 'yan kasuwa suka gina jere-jere, waɗanda ake kira minisite. A Dang, mazaunin Jami'ar Ngaundere mai nisan kimanin kilomita 15 daga cikin gari, irin waɗannan gidaje sun zama gari guda. Masu gida sukan nemi hayar watanni da yawa a dunƙule, sau da yawa ta shekarar karatu gaba ɗaya, kuma hakan na faɗowa ne a watan Oktoba, daidai lokacin da ake neman kuɗin rajista. Ɗaki ɗaya yakan ɗauki mutum biyu ko uku: katifa a ƙasa, risho ko tukunyar gas a lungu, buhun masara ko dawa jingine da bango, jarkar manja ko man gyaɗa, da igiyar shanya da aka ɗaura daga taga zuwa ƙofa. Wanda ya zo da buhu daga gida ya rage wa kansa rabin wahala, domin abin da ya rage masa shi ne kuɗin niƙa da na cefane.

Akwai kuma ƙananan kashe-kashen da ba a sa su cikin lissafi a gida, alhali su ne ke rarake aljihu: fotokofin darussa, katin intanet, da kuɗin acaɓa ko tasi. Kuɗin sufuri ya tashi bayan an ƙara farashin litar fetur daga faran 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Cire tallafin mai a Najeriya a 2023 ya kuma tsadar da man da ake shigowa da shi ta kan iyaka, wanda 'yan acaɓar Garwa da Marwa suka daɗe suna dogaro da shi.

Hanyoyin samun tallafi

Dangi su ne tushe. Sai dai kuɗin manomi da makiyayi na zuwa ne da lokaci: bayan an sayar da auduga ga kamfanin SODECOTON, bayan an kwashe albasa, ko ranar da aka kai sa kasuwar shanu. Bukatar ɗalibi kuwa kullum ce. Wannan saɓani ne ya sa dabarar da aka fi bi ita ce a biya haya da rajista a sayi hatsi tun kuɗin na da dumi, a bar ragowar a wurin da hannu ba zai kai da sauƙi ba, kamar wurin kawu mai shago a gari wanda zai riƙa ba da shi mako-mako. A da ana aiko da kuɗi ta hannun direbobin motocin haya ko kamfanoni irin su Express Union. Yanzu Orange Money da MTN Mobile Money sun mamaye harkar, kuma tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan aikawa da cirewa, ban da ladan kamfanin.

Daga ɓangaren gwamnati, abin da ya fi shahara shi ne kyautar ƙwazo ta faran 50,000 da Shugaba Paul Biya ya sanar a ƙarshen 2009, aka fara bayarwa a 2010 ga ɗaliban da makinsu ya kai mizani. Ma'aikatar ilimi mai zurfi tana da shirin aikin hutu da na aiki-da-karatu, amma gurabensu kaɗan ne. Dokar 2010 ta kare haƙƙin naƙasassu ta tanadi yafe musu kuɗin makaranta, duka ko wani ɓangare. Daga ƙarshen 2017 aka fara raba ƙananan kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban ƙasar.

Guraben karatu na ƙetare, irin na Maroko, Aljeriya, Sin, Rasha da Turkiyya, galibi ana sanar da su ta ma'aikatar. Masu karatun Larabci da addini sukan nemi Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Madina. 'Yan gudun hijira, ciki har da na sansanin Minawawo, suna da shirin tallafin karatu na DAFI na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da su.

Ɗalibai da yawa suna neman na kansu: koyar da yara darasi a gida da yamma, koyarwa a makarantu masu zaman kansu, acaɓa, sayar da katin waya ko kilishi, ɗinki, kitso da lalle. Adashi ya yaɗu a tsakaninsu, musamman tsakanin 'yan gari ɗaya, kuma akan tsara kwasa ta faɗo daidai lokacin biyan kashi na biyu na rajista. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin yanki ɗaya sukan tara gudummawa idan ɗayansu ya kwanta rashin lafiya.

Bashin karatu na banki bai kafu ba. Musulmi da yawa suna kauce wa rance mai ruwa saboda haramcin riba, sun fi son rancen dangi ko bashin mai shago. Malamai sun yi saɓani kan sharuɗɗan ba ɗalibi zakka.

Ɗaliban Cadi

Ɗaliban Cadi suna da yawa a Ngaundere da Marwa, kuma ƙa'idar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta tanadi a ɗauke su kamar 'yan ƙasa wajen kuɗin rajista. A Cadi kanta, inda aka kafa jami'ar Njamena a 1971, alawus na faran 30,000 a wata ya ɗore har 2016, lokacin da gwamnati ta soke shi cikin matakan tsuke bakin aljihu bayan faɗuwar farashin mai, abin da ya jawo yajin aiki da zanga-zanga.

Taƙaddama

Ƙungiyoyin ɗaliban Kamaru sun sha neman a soke kuɗin rajista a dawo da alawus, musamman a yajin aikin 2005. Gwamnati ba ta amince ba. Ana kuma ƙorafi kan jinkirin biyan kyautar ƙwazo da yadda ake fitar da sunaye.