Ƙungiyar ƙwadagon 'yan sanda: ƙarfinta ba a yajin aiki yake ba

Tun da tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025 kan fanshonsu, maganar nan ta cika gidajen rediyo. Duk mai sharhin da aka ba makirufo sai ya ce ai a Amurka 'yan sanda suna da ƙungiyar ƙwadago, in aka taɓa haƙƙinsu sai su tafi yajin aiki. Ƙungiya kam akwai ta. Batun yajin aikin ne shaci-faɗi.

Birnin Boston ne ya kashe wannan magana tun Satumbar 1919. 'Yan sanda fiye da dubu suka ajiye aiki don an hana su shiga tarayyar ƙwadago ta ƙasa, ɓata-gari suka fasa shaguna, aka turo dakarun jiha. Gwamna Calvin Coolidge ya ce babu wanda ke da 'yancin yajin aiki a kan tsaron jama'a, aka sallame su, aka ɗauki sababbi. Har yau kusan ko'ina a ƙasar doka ta haramta musu yajin aiki.

To ina ƙarfin yake? Sai an sauka gunduma ake ganinsa. Gunduma yanki ne a ƙarƙashin jiha, kuma shugaban tsaronta shi ake kira sherif. Kada a haɗa shi da sharifinmu. Sunan daga tsohuwar Ingila ya fito, inda yake nufin wakilin sarki a lardi. A yawancin gundumomi jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a, shi ke riƙe da gidajen yari, jami'ansa ke gadin kotuna da sintiri a garuruwan da ba su da nasu 'yan sandan.

Mu ɗauki Los Angeles ta jihar Kalifoniya, gundumar da ke da mutane wajen miliyan 10. A 1968 gwamnan Kalifoniya Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa gundumomi da birane zama teburin ciniki da ma'aikatansu. A 1970 jami'an sherif suka kafa ƙungiyarsu, ALADS. Albashi, kuɗin ƙarin lokaci, lauya ga jami'in da aka kai ƙara: babu mai musun waɗannan. Amma ciniki bai tsaya nan ba. A 1976 jihar ta yi doka ta musamman kan yadda za a binciki ɗan sanda in ana zarginsa, kariyar da malamin makaranta ko lebura bai samu irinta ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rigimar jerin sunaye. Sherif ɗin Los Angeles na lokacin, Jim McDonnell, ya tattara sunayen jami'ai kusan 300 da ke da tabo a fayil, irin su ƙarya, sata ko cin zarafi, yana so ya miƙa wa masu gabatar da ƙara. Dalilinsa a fili yake: tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1963, wajibi ne a sanar da wanda ake tuhuma duk abin da zai taimake shi, kuma daga baya aka haɗa har da tabon ɗan sandan da zai ba da shaida a kansa. Ƙungiya ta garzaya kotu ta hana. Aka yi ta jan-in-ja har Agustan 2019, kafin kotun ƙolin jihar ta ce a iya sanar da masu gabatar da ƙarar. Kafin nan McDonnell ya sha ƙasa a zaɓen 2018, ƙungiyar ta kashe fiye da dala miliyan ɗaya wajen mara wa abokin takararsa Alex Villanueva baya. Wato ma'aikata sun zuba kuɗi sun zaɓo wanda zai riƙa hukunta su. Ni dai ban san wata ƙungiyar direbobi da ke iya wannan ba.

A Najeriya dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana 'yan sanda kafa ƙungiya. Duk da haka, a Fabrairun 2002 ƙananan jami'ai suka yi yajin aiki kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe, kuma ba a daɗe ba Obasanjo ya sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Waɗanda ba su da ƙungiyar, su ne suka yi yajin.