Tambayoyin iyaye kan sansanin hawan doki na yara

Duk hutun makaranta tambayoyin nan ake turo min, ba sa canjawa. Ga amsa a wuri ɗaya.

Yaro zai kwana a can?

A'a. Sansanin yini ne. Ku kawo shi da safe, ku zo ku ɗauke shi da yamma.

Hular keke za ta yi?

Ba za ta yi ba, kuma don Allah a daina kawo ta. Mai faɗowa daga doki daga sama yake faɗowa, ga kofato dab da kansa. Hular kwano ta hawan doki ake so, mai tambarin shaidar inganci, wato ASTM/SEI na Amurka ko PAS 015 na Ingila. Wadda aka taɓa faɗuwa da ita ta gama aiki ko da ba ku ga tsaga ba, domin abin da ke cikinta ya riga ya matse. Takalmi kuma rufaffe, mai ɗan dunduniya, don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. Na sha ganin an kawo yarinya da silifas. Haba iyaye! Dabba ce mai kusan kilo 500 za ta tsaya gefen 'yan yatsun nan.

Bai taɓa hawa ba, kuma yana tsoro.

Ku kwantar da hankali, yawancinsu haka suke zuwa. Ranar farko buroshi muke ba shi ya goge wuyan dokin. Sai mu nuna masa yadda zai tunkari doki ta kafaɗa yana magana, domin doki yana ganin kusan ko'ina sai dai bayansa da dab da hancinsa, ta bayan nan ne shuri yake fitowa in ya firgita. Yaron da ya ƙanƙame rigata ranar Litinin, sau da yawa ranar Alhamis shi ke jan ragama da kansa.

Addininmu daban da na masu sansanin. Mu kai shi?

To, wannan ba ta da amsa guda. Ya danganta da sansanin, da shekarun yaron, da ku kanku. Da yawa daga irin waɗannan sansanoni, musamman a Amurka, na Kirista ne, akwai kuma na sauran addinai. A wasu, addu'a ce ta minti biyar da safe sai a wuce barga. A wasu kuwa akwai zaman karatun littafi mai tsarki kullum, da waƙoƙi, da haddar aya, har darasin hawan ma da shi ake wa'azi: yadda doki ke bin linzami, haka mutum zai bi Ubangijinsa. Wani sansanin zai bar yaro ya zauna gefe lokacin ibada, wani zai ce duk shirin ɗaya ne, kuma yana da hakkin faɗin haka muddin ya faɗa tun farko. Ko inda aka yarda ya zauna gefe, ku yi tunanin ɗan shekara 7 shi kaɗai a kan benci, abokansa na waƙa. Wani yaron ko a jikinsa, wani zai shiga don kunya, ya dawo gida da damuwa. A ganina ku nemi jadawalin yini a rubuce, ku tambaya ƙarara ko ana kiran yara su karɓi addini, sannan ko za a ba naku wuri da lokacin ibadarsa. In an yi ta kwana-kwana da amsar, ni dai ba zan kai nawa ba. In an amsa kai tsaye, mai yiwuwa ya dace, amma ku kuka san ɗanku.

Tunda mutanen Allah ne, ai ba sai na binciki malaman ba?

Sai kun bincika. Tsoron Allah ba ya ɗaure majayin sirdi. Ku tambayi takardar shaidar koyarwa, irin ta CHA, ƙungiyar tantance malaman hawan doki da aka kafa a Amurka a 1967, da yara nawa ke hannun malami ɗaya, da wanda ya iya taimakon gaggawa.

Yana da asma.

Ku faɗa mana tun kafin ya zo, ku ga likita, ku saka maganinsa a jaka. Ƙurar ciyawa da gashin doki suna tayar da ita.

Zai yi sukuwa?

Ba a makon farko ba.

Me ya sa ake sa shi kwasar kashin doki?

Domin shi ya hau. Kowane yaro yana kwasa, yana cika bokitin ruwa, yana taya cire sirdi kafin ya je ya huta. Naku ma zai yi.