Ba kowane kwaɗo ne ke farawa da talibambam ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowane kwaɗo a ruwa yake zuba ƙwai, ƙwan ya zama talibambam mai wutsiya, daga baya ya fitar da ƙafafu. Haka wasu suke, amma kwaɗin Pristimantis na dazuzzukan Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya ba sa bin wannan hanya.

Macen takan ajiye ƙwanta a wuri mai danshi, ƙarƙashin ruɓaɓɓun ganyaye ko cikin gansakuka. A cikin ƙwan ɗan yake gama siffarsa, ya fito cikakken kwaɗo ɗan mitsitsi, da ƙafafunsa huɗu. Ba ruwansa da kududdufi. Shi ya sa ake samunsu har can saman tsaunukan Andes.

Kuma kada a ce tsiraru ne. Jinsinsu ya haura 500, babu rukunin kwaɗi da ya kai su yawa, galibinsu a Kolombiya da Ekwado da Peru. A da ana lissafa su cikin wani rukunin kwaɗi mai suna Eleutherodactylus, sai a 2007 binciken ƙwayoyin halitta ya ware su daban. Har yanzu kusan kowace shekara masana na gano sababbi.