March (kalmar Ingilishi)

*March* kalma ce ta Ingilishi da aka fi sani da ma'anar tafiyar sojoji a jere, ana ɗaga ƙafa tare ana saukewa tare. Daga gare ta Hausa ta ari kalmar maci. Sai dai wanda ya buɗe ƙamus zai tarar kalmomi uku ne daban-daban suka haɗu a rubutu ɗaya da furuci ɗaya: ta tafiya, ta watan Maris, da ta yankin bakin iyaka.

Asali da ma'anar soja

Ta tafiya ta shigo Ingilishi ne daga Faransanci, daga *marcher*, wajen ƙarni na 15. A Faransancin yau *marcher* tafiyar ƙafa ce kawai, irin wadda kowa ke yi zuwa kasuwa, amma tsohuwar ma'anarta ita ce tattaka abu. Da ta isa Ingila sai ta zama ta bariki. Ba a cewa mutum ya yi *march* sai takunsa na da tsari da nufi, galibi kuma da umarni a bayansa.

A wurin soja taku ƙidayayye ne. *Quick march*, macin yau da kullum, kusan taku 120 ne a minti ɗaya a rundunoni da yawa. *Slow march* kuwa wajen rabin haka ne, shi ake yi a jana'izar manya. Rundunar 'yan ƙasashen waje ta sojan Faransa ta yi suna da nata takun na 88, shi ya sa take zuwa a ƙarshen masu tafiyar ƙafa a faretin 14 ga Yuli a birnin Paris. Akwai kuma *forced march*, doguwar tafiyar gaggawa ba hutu, da *death march*, inda ake kora fursunoni a ƙafa har da yawansu su mutu a hanya, kamar yadda sojojin Japan suka yi a Bataan ta ƙasar Filifin a 1942.

Taku ɗaya yana da haɗarinsa. A 1831 gadar Broughton, kusa da Manchester, ta karye a ƙarƙashin sojojin da ke maci a kanta, suka zuba cikin kogi. Tun daga nan aka umarci sojojin Birtaniya su warware taku in za su hau gada, kuma har yau akwai allon da ke faɗin haka a gadar Albert da ke Landan.

Kiɗan da ke riƙe wa sojoji taku shi ma *march* ake ce masa. John Philip Sousa na Amurka ya tsara irinsa fiye da ɗari. Sunan ya kuma bi kiɗan shigowar amarya coci da na rakiyar gawa.

Daga bariki zuwa titi

Ma'anar da ta fi nauyi a ƙarni na 20 ita ce tattakin jama'a don neman haƙƙi. A nan kalmar da aka saba ji daga bakin hafsa ta koma hannun mutanen da ba su riƙe da makami. A ranar 12 ga Maris 1930 Gandhi ya tashi daga Sabarmati a Indiya da mabiya 78, suka yi kwana 24 suna tafiya, kusan kilomita 385, har bakin teku a Dandi, inda ya ɗebi gishiri don karya dokar Turawan mulkin mallaka da ta hana Indiyawa yin nasu. Wannan shi ne *Salt March*. A ranar 28 ga Agusta 1963 mutum kusan 250,000 suka taru a *March on Washington*, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa da ya fi shahara. A 1965 aka yi tattakin Selma zuwa Montgomery a Amurka kan 'yancin baƙar fata na jefa ƙuri'a. Waɗannan mutane ba ƙafa ɗaya suke takawa ba, amma sun cancanci sunan, domin alƙiblarsu ɗaya ce.

*Long March* ta Sin dabam take. Ja da baya ne na dakarun 'yan gurguzu daga 1934 zuwa 1935, tafiyar dubban kilomita wadda ta ɗaga Mao Zedong zuwa shugabancin jam'iyyarsa.

A maganar yau da kullum, wanda aka ba *marching orders* an sallame shi ke nan, ko daga aiki ko daga filin ƙwallo da jan kati. *Steal a march* shi ne riga abokin hamayya ta hanyar shammatarsa, *frogmarch* kuma a riƙe mutum ta hannu biyu a tisa ƙeyarsa.

Wata da iyaka

*March* na wata, wanda ake rubutawa da babban baƙi, daga Latin *Martius* yake, watan Mars, gunkin yaƙin Rumawa. Mutane da yawa suna zaton daga macin soja sunan ya fito, amma kama da wane ba wane ba ne. Shi ne watan farko a tsohuwar kalandar Rum, abin da ya sa sunayen Satumba zuwa Disamba ke nufin na bakwai zuwa na goma. A Ingila ma shekarar hukuma tana farawa ne 25 ga Maris har zuwa 1752.

Ta uku, wadda ta kusa ɓacewa daga baki, tana nufin ƙasar da ke bakin iyaka. Ta rage a *Welsh Marches*, yankin da ke tsakanin Ingila da Wales, da sarautar *marquis*, wadda asalinta mai tsaron iyaka ne. Tushenta ɗaya da ƙarshen sunan ƙasar Denmark.

A Nijeriya

Maci a Hausa bai ɗauko duk wannan kaya ba. Ya tsaya kan na soja da 'yan sanda da 'yan makaranta, musamman a faretin 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba. Inda jaridar Ingilishi za ta ce *march* game da masu ƙorafi, Bahaushe zanga-zanga yake cewa, ko tattaki, ko jerin gwano. Gangamin goyon bayan tazarcen Janar Abacha da aka yi a Abuja a Maris 1998 an sa masa suna *Two Million Man March*, kwaikwayon *Million Man March* na Washington a 1995.

Da yake 'yan Nijeriya da dama suna furta *march* da *match* iri ɗaya, ana yawan gauraya su a rubutu. A Turancin buroka kalmar tana nufin taka abu, direba ya taka birki ko wani ya taka maka ƙafa a cikin mota, wato kusan ma'anar da *marcher* take da ita a tsohon Faransanci.